Yadda za ka raba ka'idojin Green, Stokes da Gauss

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana aji biyu a sashen lissafi a nan Jidda, kuma ka'idojin nan uku na kalkulas ɗin bekta (lissafin abubuwan da ke da girma da alkibla) sun cakuɗe maka, ga jarrabawa ta matso.

Ni dai a ganina kada ka haddace su daban-daban, don magana ɗaya suke yi: jimillar abin da ke faruwa a cikin yanki, a bakin iyakarsa ake karanta ta. Ta Green a shimfiɗaɗɗen fili take aiki. Ta Stokes ita ɗin ce dai, sai dai filin ya lanƙwashe a sarari. Shi kansa Stokes tambayar jarrabawa ya mai da ita a jami'ar Kambirij a 1854, ka ga ba yau ɗalibai suka fara shan wuyarta ba. Ta Gauss kuwa sai rufaffen jiki, wanda ba kafa ko ɗaya.

Inda maki ke zubewa shi ne alkibla. A ka'idar Green, in kana zagaya iyaka, yankin ya kasance a hagunka, yadda mai ɗawafi ke barin Ka'aba a hagunsa. Ka juya, amsarka ta fito da alamar ragi. Kullum zana hoton tukuna kafin ka taɓa intagiral, wato lissafin jimillar.