Muryar Gwaggo a rukunin dangi, kan batun ciwon suga

Salamu alaikum 'yan gida, barkanku da marece. Auta, na saurari muryarka. Ka ce likita ya tambaye ka ko akwai mai ciwon suga a danginmu, ka ce mishi babu. To ɗana, ka koma ka gyara maganar, akwai.

Ban ga laifinka ba. Ku maza gaisuwa kuke shigowa yi, ku aje kuɗin magani ku fita. Mu mata mu ke jinya, mu ke zubar da fo, mu ke wankin zannuwa. Da Baba, kakanka, ya kwanta a Jega, ni da Inna muka riƙe shi. Cikin dare sai ya tashi fitsari sau biyar, sau shida, moɗar ruwa ba ta barin gefensa, ya rame ƙwarai, ga gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Kiyashi har taruwa suke inda ya yi fitsari. Lokacin jifa aka ce, aka yi ta ba shi jiƙo, ba wanda ya kai shi awo. Sai da aka gano nawa na zauna na tuna, na ce Allahu akbar, ashe shi ne.

Don haka in za ka tambayi tsofaffi kada ka ce "suga", cewa za su yi ba su san shi ba. Alamun za ka lissafa musu.

Wajen mahaifiyarka kuwa, kawunnanka Fulanin Bunza, ka san su da kunya. Kawu ba zai yi maganar fitsari gaban ɗan ƙanwarsa ba, aika yayarka wurin matansu. Matar wanka 'yar Zuru ita ma ta binciko nata gefen, yaranta jini biyu ne. Kuma duk wadda ta taɓa haifar jaririn da ya wuce kilo 4, ko suganta ya hau tana da ciki, a sa ta a lissafi.

Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ga nau'i na biyu ne gare su, wato wanda ya fi kama manya, kuma yana bin jini sosai. Awon da safe ake yi, bayan awa 8 ba a ci komai ba. In sugan jini ya kai 126 mg/dL a sake awon wata rana, in ya maimaita ta tabbata. Litinin ina da ganin likita a Birnin Kebbi, mai so ya zo mu tafi tare, amma ko koko kada ya sha.