Ku Tambaya Mu Amsa: Zakin da ya ƙi tashi, da taurarin da suka kwana suna zuba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya iyali ya ruwa. Ni uwa ce mai yara uku a unguwar Yalwa nan Garwa, tunda aka yi dogon hutun nan sun ishe ni da rigima, shine ran 12 ga Agusta nace bari na kai su gidan zu su ga namun daji ko na samu kunnena ya huta. Bayan azahar muka je, wallahi Malam mun fi rabin awa tsaye gaban zaki yana kwance ya juya mana baya, wutsiya kawai yake kaɗawa yana korar ƙuda, har autana ya fashe da kuka wai na roba ne. Kada shi ma ya hangame baki ko motsi babu. Birai ne dai suka biya mu kuɗinmu, babbar 'yata har gyaɗa ta miƙa musu a hannu.

Da yamma muka wuce wajen Fitowa gun surukata muka kwana. Wajen ƙarfe uku na dare autan ya tashe ni fitsari, mun fito tsakar gida kenan, ruwa ya ɗauke sama ta washe tas, sai naga tauraro ya tsinke fiuu, kafin na rufe baki ga wani, na taso sauran muka yi ta ƙirga har 17 kafin kiran asalatu. Hajiya ta fito alwala ta same mu, ta buge hannun yaron tace ba a nunawa da yatsa, wani babba ne zai rasu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba don maigidan direban babbar mota ne, kullum yana hanya tsakanin Ngaundere da Njamaina. Dan Allah mene ne wannan abin? Kuma zakin ciwo yake ko me? Daga Maman yara, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman yara. Bari na fara da wanda ya hana ki barci, zaki ya jira tunda dama a kwance yake.

Abin da kuka ƙirga ba taurari ba ne sam. Tauraro na gaske rana ce irin tamu, nisa ne ya mai da shi ɗan ɗigo, kuma da ɗaya zai faɗo mana da babu mai rubuto min wasiƙa. Ƙura ce da 'yan tsakuwoyi, yawancinsu basu wuce ƙwayar gero ba. Tunda maigida direba ne zaki gane misalin nan: in buhu ya huje a bayan mota, duk inda ta bi sai ta bar layin hatsi a titi. To akwai wani tauraro mai wutsiya da ake kira Swift-Tuttle, dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne, an gano shi a 1862, yana ɗaukar wajen shekara 133 kafin ya zagayo rana sau ɗaya, zuwansa na ƙarshe a 1992 ne. Shi ne motar mai hujajjen buhu. Duniyarmu kuma duk shekara sai ta tsallaka wannan titin daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, inda zubin ya fi kauri kuwa daren 12 zuwa 13 ga Agusta, daidai daren da autanki ya tashe ki. Masana suna ce masa Perseids.

Kowace ƙwaya tana shigowa iskar sama da gudun kilomita 59 a sakan ɗaya, wato daga Garwa zuwa Marwa kafin ki ƙirga huɗu, wannan gudun ne yake sa ta yi zafi ta ƙone ƙurmus can sama wajen kilomita 100, hasken da kika gani kenan. Ba ta isowa ƙasa balle ta faɗa kan rufin wani. Kuma kun taki sa'a, don Agusta tsakiyar marka ce a wajenmu, shekaru da yawa hadari ke rufe komai a wuce ba wanda ya sani.

Maganar rasuwar babban mutum kuwa, nima haka kakata ta faɗa min ina yaro, har da cewa yatsan zai lanƙwashe. Amma ki duba, abin da ake rubuta ranarsa a kalanda tun kafin shekara ta kama, wanda mutanen Sin suka rubuta sun gani kusan shekara 2000 da suka wuce, wanda a daren nan na Japan ya gani na Faransa ya gani, ta ya zai zama saƙo ga gida ɗaya a Fitowa? Ayoyin da suka zo kan jifan shaiɗanu fagen malamai ne, ki tambaye su, amma ajali na hannun Allah. Ki yi wa maigida addu'ar hanya kamar kullum, ki tuna masa ya dinga tsayawa yana barci in ya gaji, wannan ya fi ba ni tsoro a kan hanyar Kuseri fiye da komai na sama. Hajiya kuma kar ki je ki ce mata Malam yace ƙarya ne, ba da ni ba! Ki ce to Hajiya, shikenan.

In yaran sun ji daɗi, na Disamba ya fi dacewa da mu, daren 13 zuwa 14, ana ce masa Geminids. Babu ruwa lokacin, wajen ƙarfe biyu na dare kusan daga saman kai suke fitowa, kuma sun fi tafiya a hankali, kilomita 35 a sakan, ido ya fi kama su. Littattafai na cewa har 120 a awa, amma wannan sai a duhu sosai ba farin wata ba hazo, in hunturu ya taso da ƙura kam rabin rabi ma a gode. Ku fita inda ba fitila, a kashe waya a ba ido kamar minti 20 ya saba, a kwanta rigingine kan tabarma da bargo, a haska wurin tukuna saboda kunama.

To zaki. Barci ba ciwo ba ne a wajensa, ko a dajin Waza ko Binuwai haka yake, yana iya kwashe awa 20 a yini yana hutawa, da dare yake harkarsa, rurin ma sai magariba ko goshin asuba. Kun je masa bayan azahar, ko ni kika zo min a lokacin bayana zaki gani. Ku koma da sassafe da an buɗe ƙofa, ko can bayan la'asar. Kada kuma shan iska yake, buɗe bakin nan ne yake rage masa zafin jiki, kuma kar rashin motsin ya ruɗe ku yaro ya zura hannu.

Inda zan yi miki faɗa shi ne gyaɗar. Biri ba ya wasa da abinci, in ya ga sauran a hannun yarinya zai fizga, in ta hana ya ciza, cizonsa kuma sai an kai asibiti an yi allurar rigakafin haukan kare. Shi ma murarmu tana kama shi. A bar ciyarwa ga masu kula da su.

TAMBAYA: Malam nima na gani a Marwa, na ɗaga waya na ɗauka amma duk hotunan baƙi ƙirin suka fito, wayar ce ba kyau? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana wayarka lafiya lau, abin ko sakan ɗaya baya yi, kafin ka danna ya wuce. Masu ɗauka kafa kyamara suke a kan ƙafa su bar ta a buɗe sakan 15 zuwa 30, su yi ta maimaitawa ɗaruruwa kafin ɗaya ya faɗo ciki. In wayarka tana da tsarin dare ka jingina ta da dutse tana kallon sama ka gwada a Disamba, in ya fito ka turo mana mu buga.