Bene mai hawa uku a bayan katangarka

Malam, tambayarka ita ce ko za ka iya hana maƙwabci rushe tsohon gida ya tayar da bene hawa uku na haya a layinku da duk gidajen ƙasa ne a Kano. Gaskiya don kawai bene ne ba ka da ikon hana shi, amma in bai samu amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ba, ko zanen da aka sa wa hannu daban abin da yake ginawa daban, to nan kana da bakin magana, ku rubuta ƙorafi ku haɗa da mai unguwa ku kai tun ana fandisho, don in aka zuba kankaren bene magana ta yi nisa.

Ni dai a layinmu ba tsayin ne ya dame mu ba, tagogi ne, na hawa na biyu yana tsaye yana kallon tsakar gidanka har madafa, mata sai da hijabi suke wanke-wanke. Don haka ku nemi a ɗaga tagogin baya sama, a bar tazara da katanga, sannan ku tambayi ina sokawe da ruwan wankan 'yan hayar benen za su bi, kwatar layin ba don su aka haƙa ta ba.