Sabuwar nas a lardin Manitoba na Kanada: me ya kamata in sani game da marasa lafiya 'yan asalin ƙasa?

'Yar'uwa, kin ce an sa ki horo kan wariyar da ake nuna wa 'yan asalin Kanada (al'ummomin da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa) a asibiti, kina son sanin abin da ake bukata a aikace.

Fara da labarin Brian Sinclair, wani ɗan asalin ƙasar. A Satumbar 2008 ya zauna awa 34 a ɗakin jira na sashen gaggawa a Winnipeg, babban birnin Manitoba, har ya rasu, alhali ciwon mafitsara ne da toshewar robar fitsari ya jawo, kuma yana da magani. Ma'aikata sun ɗauka maye ne ko neman wurin kwana. Zato ne ya kashe shi.

Don haka duk wanda ya shigo a rubuta sunansa, a auna shi, a riƙa zagaya ɗakin jira. Wanda ya yi shiru ba lallai ne ya ji sauƙi ba. Kar ki rage maganin ciwo saboda zargin shaye-shaye. Kuskure ne a sa dangi su yi tafinta. Ki nemi tafintan asibiti.

Maganar kuɗin magani da na mota ƙarƙashin shirin NIHB (shirin gwamnatin tarayya na tallafin lafiya ga wasu 'yan asali), ki haɗa marasa lafiyar da ma'aikacin sashen lafiyar 'yan asali. In kin ga wulaƙanci, ki rubuta ranar da lokacin, ki kai wa shugabar sashe.