Amsa: Wasan wa zan fara kallo, Fischer ko Kasparov?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun da ka ce yanzu ka fara koyon chess, ni dai da Fischer zan haɗa ka. Wasannin Garry Kasparov, tsohon zakaran duniya, sai wanda ido ya buɗe masa.

Nemi wasan da Bobby Fischer ya yi da Donald Byrne a New York a 1956. Fischer yaro ne ɗan shekara 13 a lokacin, baƙaƙen 'ya'ya ne a hannunsa. A motsi na 17 ya bar sarauniyarsa a fili, Byrne ya cinye. Ashe tarko ne. Daga nan doki da bishof suka yi ta wa sarkin Byrne kora, yaron yana kwashe masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, har ya kulle shi a motsi na 41. Wallahi sai da na jera shi a allo sau uku kafin na gane dabarar.

Sai ka wuce Reykjavik, babban birnin Iceland, 1972, karawarsa da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyat kan kambun duniya. Fischer ya faɗi wasan farko, na biyu ma bai zo ba saboda rigimar kyamarori, amma ya tashi da maki 12½, Spassky 8½. Ka tsaya a wasa na shida, wanda Spassky da kansa ya tafa masa.

Abin haushi, a 1975 ya ƙi kare kambun, aka ba Anatoly Karpov ba tare da an buga ba.