Tambayoyinku: Yarona na karatu a waya shi kaɗai, ya zan gane ko yana fahimta?

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 8, sikila ne, yawan kwanciya asibiti ya sa bana muka cire shi daga boko ina koya masa a gida. Lissafi da rubutu ina zama da shi amma karatun littafi tsohuwar Tecno ɗina na ba shi yake yi shi kaɗai saboda ga goyo ga aikin gida. Kullum sai ya zo ya ce Mama na gama, ni kuwa ban san ya karanta ba balle a ce ya gane. Akwai manhajar da za ta nuna min?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ke kuma ya saka miki da alheri, wallahi ba ƙaramin aiki kika ɗauko ba.

Kin ga tambayar taki biyu ce a haɗe, ya karanta ko bai karanta ba, sannan ya gane ko bai gane ba. Ta farkon waya za ta ɗan taimaka miki, ta biyun kuwa sai dai kunnenki.

Ki shiga Settings na wayar da yake amfani da ita ki nemi Digital Wellbeing, yawancin wayoyin Android na 'yan shekarun nan suna da shi, zai nuna miki minti nawa aka yi a kan kowace manhaja a rana. In kina so ki riƙa gani daga taki wayar ba sai kin karɓi tasa ba to ki sauke Family Link na Google, kyauta ne, ki buɗe masa asusun yara a ƙarƙashin naki, daga nan kina iya ƙayyade lokaci, ki rufe wasanni, kuma ba zai sauke komai ba sai kin amince. Akwai kuma wani ɗan saiti da mutane ba su cika sani ba, App pinning, yawanci a ɓangaren Security yake, in kin kunna kika maƙale manhajar karatun to ba zai iya fita ya tafi YouTube ba sai an sa lambar sirrin wayar, amma ki tabbata kin kunna zaɓin neman lambar, kuma ba lambar da ya riga ya haddace ba.

Sai dai kada ki yarda da mintocin nan ɗari bisa ɗari. Ɗan yayata ya taɓa zama a wurina lokacin hutu, na sa masa littattafai a waya, da yamma na duba na ga minti 50 cur a kan manhajar karatu har na yi ta sa masa albarka. Washegari na leƙo falo na same shi kwance a kafet, wayar na kan cikinsa, idonsa na kan katun a talabijin, lokaci-lokaci sai ya kai yatsa ya dangwali sikirin ɗin don kada ya mutu. Ita waya abin da ta sani shi ne manhaja a buɗe take, shi ke nan.

Shi ya sa nake ce wa iyaye su tuna yadda malamin allo yake yi. Ba ya tambayar almajiri awa nawa ya yi rungume da allo, cewa yake zo ka biya. To ke ma biyawar za ki karɓa, wayar kuma ta zame miki ma'aji.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe guruf a WhatsApp ke da babansa kawai, ki sa masa suna Karatun gida ko wani abu haka. Duk ranar da ya ce ya gama, ki ce ya rufe littafin, ki danna ɗaukar murya, ya ba ki labarin da bakinsa ko kina tuƙa tuwo ne ko kina shayarwa ba komai, minti biyu ya isa. In ya gama ki jefa masa tambaya uku. Ta farko mai sauƙi wadda amsarta na rubuce ƙarara, kamar wa ya je kasuwa. Ta biyu ta me ya sa, me ya sa yarinyar ta ɓoye kuɗin, wannan ita ce ke tona asirin wanda ya bi hotuna kawai. Ta uku kuma wadda ba ta cikin littafin, da kai ne ya za ka yi, ko me kake ganin zai faru gaba. Ki tura muryar guruf ɗin, WhatsApp da kansa zai sa mata kwanan wata da lokaci, kuma saƙon murya ba ya cin data sosai.

Wani abu da nake so ki riƙe da kyau, in littafin na Turanci ne ki bar shi ya ba ki labarin da Hausa. Yaranmu da yawa za ki ji suna zuba Turanci tiryan-tiryan har ki ji daɗi amma karatun aku ne, furuci suka iya ba ma'ana ba, kuma in kika ce ya maimaita da Turancin zai kwaso miki jimlolin da ya gani ne ya jera. Wanda ya iya juya labari zuwa Hausa to ya gane shi, wannan ba makawa.

Sau ɗaya a sati kuma, a ce ranar Asabar, ki gwada saurinsa. Ki buɗe shafin da bai taɓa gani ba, ki saita agogon wayar minti ɗaya, ya karanta a bayyane kina ɗauka, daga baya ki saurara ki ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, haka ake yi a gwajin EGRA da ake auna karatun 'yan ƙananan azuzuwan firamare da shi a ƙasashe da dama har da nan arewacin Najeriya, minti ɗaya na karatu sai 'yan tambayoyi a kan abin da aka karanta. Kada ki gwada lambarsa da ta ɗan maƙwabta, da tasa ta watan jiya za ki gwada. Ranar da kika kunna masa muryarsa ta wata uku baya ya ji yadda yake in'ina a kan kalmomin da yanzu yake wucewa a guje, za ki ga yadda fuskarsa za ta washe, ni na gani da idona.

Maganar rubuta abin da yake karantawa kullum kuwa, duk da sana'ata waya da kwamfuta ce, littafin rubutu na makaranta na fi so a nan. Ki ja layuka, kwanan wata, sunan littafi, daga shafi kaza zuwa kaza, kalmomin da suka ba shi wuya, shi zai cike da hannunsa, ke kuma ki sa maki 1 zuwa 3 na fahimta a gefe. Ƙarshen wata ki ɗauki hoton shafin ki tura guruf. In kin saba da manhajojin jera bayanai irin su Google Sheets ko WPS Office ba laifi, amma na ga iyaye da yawa sun fara da zafi sati biyu sun watsar. Ranar da jikin ya motsa ki rubuta ba lafiya kawai ki bar shi ya huta, ko ke ki karanta masa ya saurara. Kuma dan Allah ki kunna ajiyar WhatsApp a Google Drive, kada waya ta faɗa ruwa muryoyin wata shida su tafi.

Tambaya daga wani magidanci a Maraɗi: Malam a ina zan samo wa 'yata littattafan Hausa na yara a waya ba na kuɗi ba?

Amsa: Malam ka duba African Storybook na ƙungiyar Saide da ke Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, da Bloom Library mai manhajar Bloom Reader, duka kyauta ne kuma akwai labaran Hausa masu hotuna. Ka sauke su lokacin da kake da data ta karanta ba intanet. An kasa labaran mataki-mataki, ka fara mata daga ƙasa. In kana shakkar ko littafi ya fi ƙarfinta, ta karanta shafi ɗaya tana lanƙwasa yatsa a duk kalmar da ta gagare ta, in yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare a ajiye shi sai gaba.

Tambaya daga wata malama a Kano: Zan iya sa ChatGPT ya fitar min da tambayoyin fahimta?

Amsa: Za ki iya Malama, amma ki kwafa masa ainihin labarin ki liƙa, kada ki ba shi sunan littafi kawai domin zai iya ƙago miki abin da babu shi a ciki kuma ya faɗa da ƙarfin gwiwa. Ki karanta tambayoyin tukuna ki gyara Hausar in ta karkace. Ke za ki yi amfani da shi a wayarki ba yaron ba, dokar masu ChatGPT ɗin ma sai ɗan shekara 13 zuwa sama. In kuma abin da kike nema manhajar da za ta saurari yaro yana karantawa ta gyara masa furuci ne, ki gwada Read Along na Google, akwai Turanci da Larabci a ciki, kuma da zarar kin sauke labaran yana aiki ko ba data.