Lomar da ake ajiye maka kafin abinci a Faransa

Tambaya: Malama, za a tura ni taro birnin Liyon. Wani abokin aikina ya ce a manyan gidajen abinci na can, kana zama sai a ajiye maka ɗan abu a cokali tun ba ka yi oda ba. Ana biyan kuɗinsa ne? Kuma Musulmi zai iya ci?

Amsa: Malam, ba za a sa shi a lissafinka ba. Sunansa amuse-bouche, kyauta ce daga shugaban masu girki, kuma shi yake zaɓa, duk wanda ke teburin iri ɗaya ake ba shi. Loma ɗaya ce ko biyu. Kada ka ɗauka shi ne entrée, wato farantin farko da kake zaɓa da kanka ka kuma biya.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a shekarun 1970, lokacin da manyan masu girki irin su Paul Bocuse, wanda gidan abincinsa ke kusa da Liyon ɗin, da Michel Guérard suka rage miya mai nauyi suka koma ƙananan faranti. Mai girki na nuna gwanintarsa ne tun daga wannan lomar. Wanda na fi so shi ne gougère na yankin Bourgogne: ƙwaɓin fulawa da ƙwai da man shanu da cuku, a gasa ya kumbura, girmansa kamar ƙaramin ƙosai, bayan na ƙaras-ƙaras, cikin kuma iska. Da ɗuminsa ake cin sa. Akwai kuma miyar kabewa a ɗan gilashi, ko tapenade na yankin Provence, zaitun da aka daka da ɗan kifi mai gishiri a shafa a burodi. Wasu gidajen dai kumfa kawai suke tarawa a cokali, ban ga abin yabo a ciki ba.

Batun halal ne ke buƙatar kula, tunda ba kai ka zaɓa ba, kuma Liyon gari ne da ya shahara da naman alade. Ana iya yanka shi ƙanana a cusa a ƙwaɓi, ko a ɗiga giya a miya. Tun wajen kama tebur ka ce "sans porc, sans alcool", wato ban da naman alade, ban da giya. Idan kana kaffa-kaffa da yanka, ka nemi na kifi ko na ganye, galibi za su sauya maka ba tare da wata matsala ba.